Shekara 26 a tsibiri: Mary Mallon da abin da killacewa ke yi wa mutum



Da yawa daga cikinmu mun ɗanɗani kulle a shekarar 2020. A Legas da Abuja an fara shi ranar 30 ga Maris, aka ce kwana 14 ne. Da wa'adin ya cika sai aka ƙara wasu 14. Kano ta shiga nata a watan Afrilu, azumi ya riski mutane a ciki. Idan muka tuna da kyau, kwanakin farko ba su ne suka fi ciwo ba, domin mutum ya ƙirga, ya raba ɗan abin da yake da shi, ya sa ran ranar fita. Sanarwar ƙarin wa'adi ce ta karya gwiwar mutane. Daga ranar aka daina amincewa da lissafi, kowace safiya ta koma kamar jiya.

Labarinmu na yau na wata mata ce da aka yi wa irin wannan a Amurka fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ita ba a ba ta wa'adi ba ko na ƙarya, kuma har ta mutu tana cewa lafiyarta ƙalau. Mun zaɓo ta ne saboda a rayuwarta ana ganin abin da killacewa ta dole ke yi wa zuciyar mutum a fili, ba a cakuɗe da zafin ciwo ba, tunda ita ba ta jin ciwon komai.

An haifi Mary Mallon a 1869 a garin Cookstown da ke arewacin Ayaland. Tana da kimanin shekara 15 ta yi ƙaura zuwa Amurka, kamar dubban 'yan matan ƙasarta da talauci ya koro, ta shiga aikatau a Niyok. A hankali ta zama kuku a gidajen attajirai. A cikin masu aikin gida na wancan zamani kuku ce babba, ita ke da madafa, albashinta ya fi na saura. Mace ce marar miji, marar dukiya, marar dangi masu faɗa a ji, abin da ta mallaka a duniya shi ne iya girkinta. Mu riƙe wannan, domin zai dawo.

A ƙarshen watan Agusta na 1906 zazzaɓin taifot ya ɓulla a wani gidan hutu a Oyster Bay, wanda wani ma'aikacin banki mai suna Charles Warren ya kama haya. Cikin mutum 11 na gidan, shida suka kwanta. A lokacin taifot ciwon unguwannin talakawa ake ɗaukarsa, inda ruwa ba shi da kyau, don haka mai gidan ya tsorata kada gidansa ya rasa 'yan haya. Ya ɗauko wani injiniyan tsaftar muhalli, George Soper, wanda za mu iya kiransa duba-gari mai digirin dakta. Aka duba ruwa da madara da magudana, ba a ga komai ba. Sai Soper ya lura cewa an ɗauki sabuwar kuku makonni kaɗan kafin ciwon, kuma ta bar gidan bayan haka. Ya bi sawunta ta ofishin da ke sama wa masu aikatau aiki, ya gano cewa cikin gidaje takwas da ta yi wa girki tun 1900, bakwai an yi taifot a cikinsu. Zarginsa ya faɗa kan wani askirim da takan haɗa da ɗanyun 'ya'yan itace, tunda abincin da ya hau wuta zafi kan kashe ƙwayar.

Yau duk ɗalibin kiwon lafiya ya san bayanin. Kaɗan daga cikin waɗanda suka yi taifot, wani lokacin ma mai sauƙin da ba su san sun yi ba, ƙwayar cutar kan zauna musu a matsarmama, tana fita ta bayan gida lokaci-lokaci, su kuwa suna yawonsu garau. Amma a 1907 wannan sabon zance ne ko a tsakanin likitoci. Shekara biyar ke nan kacal da masanin nan na Jamus, Robert Koch, ya ja hankali a kansa. Mary ce ta farko da aka tabbatar da haka a kanta a Amurka.

To, ku duba yadda labarin ya iso mata. A watan Maris na 1907 wani baƙon namiji ya shigo madafar da take aiki a titin Park Avenue, gidan da 'yar masu gidan ta kamu da taifot har ta rasu, ya ce mata ita ke yaɗa cutar, kuma yana son jininta da fitsarinta da bayan gidanta. Ta ɗauki babban cokali mai yatsu na yankan nama ta bi shi, ya fita da gudu. Hukumar lafiya ta birni ta aiko likita mace, Josephine Baker, da 'yan sanda. Mary ta tsallake katanga ta ɓuya, aka shafe sa'o'i ana nema kafin a hango gefen rigarta a bakin ƙofar wani ɗan ɗakin ajiya da aka jera wa kwandunan toka. Baker ta faɗa da bakinta cewa a kanta ta zauna cikin motar asibiti har suka isa. Ba sammaci, ba alƙali, ba a ce ta aikata laifin komai ba. Shekarunta 37.

Bayan ɗan zama a asibitin Willard Parker aka wuce da ita asibitin Riverside da ke wani ƙaramin tsibiri, North Brother, a cikin kogin East River. Akasarin mazauna wurin masu tarin fuka ne. Aka ba ta ɗan gida mai ɗaki ɗaya ita kaɗai, sai wani ƙaramin kare. Daga bakin ruwa tana hango gine-ginen birnin da aka raba ta da shi.

A nan ne za mu ɗan ajiye labarin mu ɗauko masana. Akwai wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam da ke duban mutum ta fuskar wanzuwarsa, wato maimakon ya tsaya ga tambayar wace cuta ce ke damun ƙwaƙwalwa, sai ya tambayi yadda mutum yake ɗaukar nauyin kasancewarsa rayayye, mai mutuwa, mai zaɓi. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Irvin Yalom, a littafinsa na 1980, ya tattara damuwar zuwa guda huɗu da babu wanda ya tsira daga gare su: mutuwa, 'yanci da nauyin da ke tare da shi, kaɗaici, da tsoron kada rayuwa ta zama ba ta da ma'ana. A ranakun yau da kullum kasuwa da aiki da hira da hayaniyar yara suna yi mana labule tsakaninmu da waɗannan. Killacewa yaye labulen take yi, ta bar mutum da su a ɗaki ɗaya.

Kafin Yalom akwai Viktor Frankl, likita Bayahude ɗan Viyana, wanda ya yi zaman sansanonin 'yan Nazi daga 1942 zuwa 1945, ya rubuta abin da ya gani a 1946. Ba muna kwatanta asibiti da sansanin kisa ba ne, shi kansa ba zai yarda ba. Amma akwai abu ɗaya da ya lura da shi wanda ya ce ana samunsa har ga wanda ya daɗe ba aikin yi da mai jinyar tarin fuka: zaman wucin gadi wanda ba a san ƙarshensa ba. Mutum yana rayuwa ne yana jingine da gobe. Idan an ce masa wata uku, zai iya shirya wa wata na huɗu. Idan ba a ce komai ba, babu abin da zai shirya wa, sai lokaci ya lalace masa, yini ya yi tsawo kamar ba zai ƙare ba, mako kuma ya wuce bai san da me ya wuce ba. Frankl ya ruwaito daga likitan sansaninsu cewa mace-mace sun ƙaru tsakanin Kirsimetin 1944 da sabuwar shekara, ba don abinci ko sanyi sun sauya ba, sai don mutane da yawa sun sa wa ransu cewa za su yi bikin a gida.

Mu kanmu ba baƙin keɓewa ba ne. Mai takaba tana wata huɗu da kwana goma, mai jego tana arba'in, mai i'itikafi yana kwana goma a masallaci bai fita. Ba wanda zai ce waɗannan zaman daɗi ne, balle takaba. Amma kowanne yana da ranar fita da aka sani tun ranar shiga, yana da dalilin da mai zaman ya yarda da shi, kuma jama'a suna girmama wanda ke ciki, ana kai masa abinci, ana yi masa sannu, ranar fita ana yi masa barka. Hatta kalmar da Turawa ke kiran killacewa da ita daga "arba'in" na yaren mutanen Venice ta samo asali, kwanakin da jirgin ruwa zai yi a tsaye kafin a bar shi ya sauke kaya a zamanin annoba. Wato tun asali abin da wa'adi aka san shi. Mary ba ta samu ko ɗaya cikin ukun ba: ba rana, ba dalilin da ta gamsu da shi, ba mutunci.

Maganar dalilin ita ce ta fi ɗaure kai, kuma a nan muke ganin ya kamata a daɗe. Cikin shekara biyu da 'yan watanni na farko hukuma ta gwada bayan gidanta sau 163, aka ga ƙwayar a 120. Saura 43 ba a ga komai ba, domin ƙwayar ba kullum take fita ba. Ita kuma ta samu hanyar aika nata samfurin zuwa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, sakamakon ya riƙa dawowa babu ƙwaya. Sa kanka a matsayinta. Jikinka lafiya, ba ka taɓa sanin ka yi wannan ciwo ba, ga takardar wasu masana ta ce ba ka da komai, ga kuma mutanen da suka ɗauko ka da ƙarfin tsiya suna cewa ka yarda da tasu takardar. Wa za ka gaskata?

Amma a ganinmu akwai abin da ya fi takardu zurfi. Idan Mary ta yarda da maganar likitoci, to ta yarda ke nan cewa hannun da take alfahari da shi ne ya kwantar da mutanen da ta yi wa hidima, har da waɗanda ta zauna ta yi jinyarsu da kanta, kuma shi ne ya kai yarinyar Park Avenue kabari. Ta yarda ke nan cewa sana'arta ɗaya tilo ta ƙare. Ba ƙaramin abu ake nema daga gare ta ba, ana so ne ta rushe labarin da take ba kanta game da ko ita wace ce, ta karɓi wani wanda a cikinsa ita ce ajalin mutane, kuma ba a miƙo mata komai a madadinsa ba. Yalom ya ce ɗaya daga cikin garkuwar da mutum ke yi wa kansa daga tsoron mutuwa shi ne jin cewa shi na daban ne, abin da ke samun wasu ba zai same shi ba. Musun Mary garkuwa ce irin wannan, sai dai ita laifi take karewa. Mun ji makamancinsa a 2020 daga bakin mutanen da hankalinsu bai da wata matsala, suna rantsuwa cewa babu cutar. Wanda yarda za ta rufe masa shago, ba ya rasa hujjar ƙin yarda.

Waɗanda ke riƙe da ita kuwa ba su taimaka ba. Soper ya same ta a asibiti ya ce zai rubuta littafi a kanta ya ba ta ribar. Ta tashi ta shige banɗaki ta kulle, ba ta fito ba sai da ya tafi. An yi ta ba ta magunguna na gwaji. An ce ta yarda a cire mata matsarmama, aikin da a wancan zamani yakan kashe mutum, kuma ba tabbas zai raba ta da ƙwayar. Ta ƙi. A wata doguwar wasiƙa da ta rubuta a watan Yunin 1909 ta koka cewa an mayar da ita abin kallo, ɗaliban likitanci na zuwa leƙenta, masu tarin fuka na nuna ta da yatsa. Ta ce lokacin da aka kawo ta, tsabar baƙin ciki fatar idonta na hagu ta shanye har wata shida, kuma likitan ido da ke zuwa tsibirin bai taɓa duba ta ba. Wannan ƙorafi na ido ya tsaya mana a rai. Ana ɗibar bayan gidanta sau da yawa a mako, ana rubutawa, amma idon da take gani da shi ba wanda ya dame shi. Duk wanda ya taɓa kwanciya a inda ake kiransa da lambar gado ya san abin da take nufi.

Yalom ya raba kaɗaici kashi uku. Akwai rabuwa da mutane, wanda kowa ya sani. Akwai rabuwar mutum da wani sashe na kansa. Akwai kuma wanda ya kira na asali, ramin da ke tsakanin kowane mutum da sauran halitta, wanda ko ana tsakiyar taro yana nan: ba wanda zai ji maka abin da kake ji, ba wanda zai mutu maka mutuwarka. Na biyun ya samu Mary ta wata irin hanya mai ban tsoro, domin an ce mata cikin jikinta akwai abokin gaba da ba ta gani, ba ta ji, wanda ke kashe wasu ya bar ta. Na ukun kuma ya same ta tsirara, tunda a duk tsibirin ba mai irin halinta. Masu tarin fuka aƙalla suna da juna, suna tari tare, suna da ranar warkewa ko ta mutuwa.

A watan Yunin 1909 ɗin ne wata jarida, New York American, ta buga labarinta da laƙabin "Typhoid Mary", wato Mary mai taifot, haɗe da zanen mace tana fasa ƙoƙunan kan mutane a kasko kamar ƙwai. Sunan ya bi ta, ya ma fi ta tsawon rai, domin har yau da shi Turawa ke zagin duk wanda ake ganin yana yaɗa sharri. A wannan shekarar lauyanta, George O'Neill, ya kai ƙara yana neman a sake ta tunda ba a tuhume ta da komai ba. Kotu ta ji, ta ce kare jama'a ya fi, aka mayar da ita.

Sai a watan Fabrairun 1910 sabon kwamishinan lafiya, Ernst Lederle, ya sake ta bisa alkawarin ba za ta ƙara girka wa kowa abinci ba. Aka sama mata aikin wanki da guga, wanda albashinsa bai kai rabin na girki ba. Ba a koya mata wata sana'a ba, ba a yanka mata wani alawus ba. Bayan ɗan lokaci hukuma ta daina jin ɗuriyarta.

A farkon 1915 taifot ya ɓarke a asibitin haihuwa na Sloane da ke Manhattan. Mutum 25 suka kamu, akasari ma'aikata, biyu suka mutu. Kukun wurin wata ce da ake kira Misis Brown. Mary ce.

Ba za mu wanke ta a nan ba. A 1907 ba ta sani ba. A 1915 an faɗa mata, ta yi alkawari, ta sauya suna, ta shiga madafar asibitin da ke cike da masu jego da jarirai. Ko ba ta gaskata likitoci ba, ta san akwai yiwuwar su ne da gaskiya, ta zaɓi ta yi caca da ran wasu. Masu wannan fanni na ilimi ba su yarda a cire wa mutum alhakin zaɓinsa don yana cikin ƙunci ba, kuma a nan muna tare da su: wanda ya ce Mary ba ta da laifi ko kaɗan, ya mayar da ita abin da likitocin suka mayar da ita, wato jakar ƙwayoyin cuta marar zaɓi. Mutanen nan biyu da suka mutu su ma 'ya'yan wasu ne. Sai dai alhakinta bai ɗauke na hukuma ba. An tsare mace kusan shekara uku ba a yi ƙoƙarin gamsar da ita ba, sannan aka sake ta cikin talauci da sana'a ɗaya a hannu, wadda aka haramta mata.

Kuma ba haka aka yi wa kowa ba. Kafin ta mutu an gano ɗaruruwan masu ɗauke da ƙwayar irinta a Niyok, ba wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai. Wani Tony Labella an danganta masa kamuwar mutum fiye da 100 da mutuwar biyar, killacewarsa ta makonni ce. Wani mai gidan burodi, Alphonse Cotils, an kama shi a 1924 yana taɓa abinci bayan an hana shi, alƙali ya sake shi bisa alkawarin zai riƙa gudanar da kasuwancinsa daga nesa. Mary kuwa, ƙididdigar da masaniyar tarihi Judith Leavitt ta kawo a littafinta na 1996 ita ce mutum 47 da mutuwar uku. Bambancin shi ne ita mace ce, 'yar ci-rani, 'yar aikatau, marar kowa, kuma mai tsiwa wadda ba ta iya sunkuyar da kai ba.

A ƙarshen Maris na 1915 aka mayar da ita tsibirin, wannan karon ba ta yi kokawa ba. Ta yi shekara 23 a can.

Waɗannan shekarun su ne suka fi wuyar fassara, kuma su ne aka fi tsallakewa idan ana ba da labarinta. Daga 1918 aka fara barinta ta shiga gari da rana. Takan je, takan dawo da ƙafarta kowane lokaci. Ta fara ɗan aiki a asibitin ana biyanta. Daga 1925 wata likita, Alexandra Plavska, ta ɗauke ta aiki a ɗakin gwaji, tana wanke kwalabe, tana shirya samfuran da za a duba. Matar da aka yi shekaru ana leƙa samfurinta ta koma mai shirya na wasu. Ta yi 'yan ƙawaye cikin ma'aikata, ta riƙe addininta na Katolika. Frankl ya ce mutum kan samu ma'ana ta hanya uku: aikin da yake yi, wanda yake ƙauna, da kuma irin tsayuwar da ya yi gaban wahalar da ba makawa daga gare ta. Ana iya cewa Mary ta samu rabonta na farko da ɗan na biyu, kuma ya nuna cewa ko a tsibiri, ranar da aka ba mutum abin yi da wanda zai gaishe shi da sunansa, zaman yakan sauya. Amma muna tsoron kiran wannan nasara. Mace mai shekara hamsin da wani abu, wadda jaridu suka ɓata wa suna a ko'ina, idan ta shiga gari ta dawo da yamma, wataƙila ta samu natsuwa ne, wataƙila kuma ba ta da wata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Abin da aka tabbatar shi ne ba ta taɓa amsa cewa tana ɗauke da cutar ba.

Akwai kuma wani gargaɗi da Frankl ya yi wanda masu ambatonsa kan manta: wahalar da za a iya kawarwa, kawar da ita ake yi, ba a neman ma'ana a cikinta. Don haka ba hujja ba ce ga mai mulki ya rufe mutane ba abinci, ba bayani, sannan ya ce su yi haƙuri su nemi darasi. Binciken zamani ma ya zo da abin da ya yi daidai da wannan. Bayan annobar SARS ta 2003 a Toronto ta Kanada, an tambayi mutum 129 da aka killace, aka samu kusan kashi 29 cikin ɗari da alamun firgicin da kan biyo bayan masifa, kashi 31 da alamun ciwon damuwa, kuma alamun firgicin sun fi yawa ga waɗanda suka fi daɗewa. Killacewar kwanaki ce fa, ba ta shekaru ba. A watan Fabrairun 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga nazarin da wasu masana na Landan suka yi wa bincike 24, suka lissafa abubuwan da suka fi jikkata mutane: tsawon zama, rashin gamsasshen bayani, ƙarancin kayan masarufi, asarar abin hannu, gundura, da ƙyamar da ke biyo baya. Suka ba da shawarar kada a wuce wa'adin da ya zama dole, a faɗa wa mutane dalili a fili, kuma a tuna musu cewa zamansu yana kare wasu. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ɗauki zamansa a matsayin abin da yake yi don wasu, da wanda ya ɗauke shi abin da ake yi masa, ɗaki ɗaya suke amma ba zama ɗaya suke yi ba. Cikin shekara 26 Mary ba ta taɓa tsallakawa daga na biyun zuwa na farkon ba, kuma irin ɗaukar da aka yi mata a motar asibiti ba ta buɗe wannan hanya.

A watan Disambar 1932 aka same ta a ƙasa cikin ɗakinta, ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta ƙara tafiya ba. Ta yi kusan shekara shida a kwance a asibitin tsibirin, ta rasu ranar 11 ga Nuwamba, 1938, da ciwon huhu, tana da shekara 69. Shekara goma bayan haka, a 1948, aka fara warkar da taifot da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mutum tara ne suka halarci jana'izarta a cocin St. Luke da ke Bronx, aka binne ta a maƙabartar St. Raymond. Asibitin ya rufe a 1963. Tsibirin yanzu kufai ne, itatuwa sun cinye gine-ginen, an ware shi don tsuntsaye, kuma ba a shigarsa sai da izinin hukuma.